Ku Tambayi Anti: In Bar Aiki In Raka Yara Eskoshan?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Yawancin saƙonnin da suka shigo a kan takardar nan ne da yaro ke zarowa daga ƙasan jaka duk ta cukurkuɗe, takardar eskoshan, wato fitar yawon buɗe ido da makaranta ke kai yara, wadda can a ƙasanta an rubuta ana neman iyayen da za su raka 'yan aji. Iyaye ma'aikata sun ce ta hana su sakat. Na tsamo wasu, na ɗan rage musu tsawo saboda fili, sunaye kuma kamar kullum mun sakaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yata tana aji biyu na firamare, makarantarsu za su kai su gidan zoo ranar Laraba ta sama kuma sun ce suna son iyaye su raka, ita kuma yarinyar tun da ta ji maman ƙawarta za ta je ta sa ni a gaba, ko abinci take ci maganar kenan, Mama za ki zo ko? Mama za ki zo ko? ni kuma ranar ina dutin safe rosta ta riga ta fita, hutuna na shekara saura kwana uku kacal kuma tattalinsu nake saboda ko wani zai kwanta rashin lafiya. Bara ma ban je ba. Wallahi Anti har kuka na yi a wajen aiki, ji nake kamar ni ba uwar kirki ba ce. Dan Allah ya zan yi?
Daga Maman Biyu

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, share hawayenki. Uwar da ta ɓoye kwana uku saboda daren da yaro zai tashi jiki zafi rau ba ita za a kira marar kirki ba, lissafinki daidai ne kuma ni dai ba zan ce ki taɓa kwanakin nan ba.

Ki fara duba me makarantar take nema. Ba cewa suka yi kowace uwa ta zo ba fa. Manya kaɗan suke so, a raba musu yaran rukuni-rukuni kowane babba da 'yan yaran da zai sa wa ido, kuma sau da yawa kujerun bas ɗin ma ba za su ɗauki iyaye da yawa ba, wasu makarantun cewa suke wanda ya riga ba da suna shi zai je, saura su haƙura. Kenan ranar Laraban nan yawancin 'yan ajin ba da iyayensu za su tafi ba. 'Yarki maman ƙawarta kawai take hange, ba ta ƙirga sauran yaran da su ma iyayensu na wajen aiki ba.

A aikin shiftin irin naku abin da ya fi sauƙi musanyar duti ne. Ki nemi wadda take hutu ranar, ta riƙe miki Laraba ke kuma ki riƙe mata Asabar ɗinta ko wani dare da ba ta so, sai ku sanar da in-caj a rubuce ta amince a gyara rosta. Kar ku yi ta tsakaninku a ɓoye, don ranar da wani abu ya faru da majinyaci sunan da ke kan takarda shi za a nema, ba za a tambayi wa ya yi wa wa alfarma ba.

In kuma ba ta yiwu ba, to ki faɗa mata yau ɗin nan, kar ki bari sai daren Talata. Roƙona ɗaya, kar ki ce mata "bari mu gani" alhali a ranki kin san ba za ki je ba. Yarinya 'yar shekara bakwai "bari mu gani" a kunnenta "eh" ne, za ta je ta baza wa ƙawayenta, ranar kuma ta tsaya a ƙofar bas ƙafa ɗaya a kan matakala tana leƙen get, malama na cewa shiga mana ana jiranki, ita kuma tana cewa a'a Mamana tana hanya. Wannan tsayuwar ita ke zama a zuciyar yaro. Amma in kika zaunar da ita kika ce, ranar ina asibiti akwai marasa lafiya da ke jirana, ba zan samu zuwa ba, na so in je wallahi, za ta yi fushinta, ƙila ta yi kuka, kafin Laraba ta riga ta haɗiye.

Daren Talata ku haɗa jakar tare, gorar ruwa, hula, ki rubuta lambar wayarki a 'yar takarda ki cusa mata a aljihu. Sai ki ba ta aike, ki ce in kun je wajen raƙumin dawa ki tsaya ki kalla min harshensa wane kala ne in kin dawo ki faɗa min (duhu ne da shi wajen baƙi-baƙi, amma kar ki riga ta faɗa). In ta dawo kuma ki ajiye waya ki saurare ta har ta gaji don kanta, ko da labarin biri ɗaya za ta maimaita sau biyar.

Na gaba kuma, da an koma sabon zango ki tambayi malamar ajin ranakun da suka tsara na fita da na taro, ki zaɓi guda ɗaya tak a shekara, ki kai wa in-caj tun kafin a zana rosta. Neman rana ɗaya wata biyu kafin lokaci da nemanta saura kwana huɗu ba amsa ɗaya ake samu ba.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni magidanci ne ina aiki a wani kamfani, ɗana za su je gidan tarihi kuma ni nake son in raka shi don ban taɓa zuwa komai nasa na makaranta ba kullum uwarsa ce. Matsalar ogana ne, da ka ambaci yara zai ce ina uwarsu? Abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina, kawai in bugo da sassafe in shaƙe murya in ce zazzaɓi ne ya kayar da ni, wai kowa haka yake yi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Meye shawararki?
Daga Baban Yaro

AMSA: Malam, zuciyarka ta fi abokin naka hankali, ka bi ta. Ka manta ne a wane zamani muke? Kafin bas ta dawo hotuna sun cika guruf ɗin iyaye na WhatsApp, makaranta ta ɗora nata a Facebook, ga ka nan tsaye kana washe baki kusa da wani tsohon takobi a cikin gilashi, ranar da ofis suka rubuta kana kwance. Ba ka san matar wa ke cikin guruf ɗin ba, ba ka san ƙanwar wa ce malamar ajin ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A wuraren aiki da yawa ƙaryar ciwo laifi ne da ake ba da takardar tuhuma a kansa har ma ya kai ga kora, kuma ko ba a kore ka ba, ranar da ciwon gaske ya zo da wane ido za a kalle ka? Sannan ɗan naka yana zaune a gefe yana jin babansa na nishin ƙarya a waya, ka ga darasin farko na eskoshan ya samu tun ba a bar gida ba.

Hanyar ita ce hutunka na shekara. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 132 ta shekarar 1970 wadda ta ce hutun shekara mai albashi kar ya gaza sati uku na aiki ga wanda ya yi shekara guda, ko da yake ba duk ƙasashe ne suka rattaba mata hannu ba, kowace ƙasa da nata adadin. Amma ka lura, ita kanta yarjejeniyar ta bar wa mai kamfani ikon tsayar da lokacin hutun bayan ya tuntuɓi ma'aikaci. Wato kwanakin naka ne, amma ranar da za ka ɗauka sai an yi shawara. Shi ya sa saurin nema yake da amfani.

Kuma ba dole ba ne ka zazzage masa tarihin gidanku. A yawancin wurare fom ɗin hutun shekara ba ya buƙatar dogon bayani. Ka rubuta gajere: "Yallaɓai, ina neman hutun kwana ɗaya ranar Alhamis 14 ga wata daga cikin hutuna na shekara saboda uzurin iyali. Rahoton da ake jira zan miƙa tun Laraba, wane kuma ya yarda zai riƙe teburina." Shikenan. Oga ba yaronka ne damuwarsa ba, damuwarsa wa zai yi aikin, in ka zo masa da amsar a hannu ka rage masa abin faɗa. In ya matsa ya tambaya, ka faɗi gaskiya kanka a sama, ɗana zan raka makaranta.

Maganar "ina uwarsu" kuwa tana ba ni haushi ba kaɗan ba. Ita uwar ba ta da oga ne? Nata hutun a rijiya ake ɗebo shi? ILO ɗin nan dai a 1981 ta fitar da wata yarjejeniyar, mai lamba 156, a kan ma'aikata masu ɗawainiyar iyali, kuma maza da mata ta ambata tare, ba mata kaɗai ba. Ban ce ka je ka karanta wa oga lamba 156 a ofis ba, kar ka ja wa kanka, amma ka san cewa abin da kake nema ba wani baƙon abu ba ne a duniyar aiki. In ya ƙi wannan karon saboda aiki ya yi yawa da gaske, ka karɓa, ka ce to Yallaɓai ta zango mai zuwa fa, ga ranar tun yanzu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni a Amurka nake, jihar Kalifoniya, ban daɗe da fara aiki a wani babban sito ba, wata abokiyar aikina ta ce min wai akwai dokar da ta ba iyaye damar barin aiki su je harkar makarantar yara kuma ba a isa a kore su ba. Gaskiya ne ko dai zance ne? Kuma ana biya? Yayata da ke Ingila ita ma tana son ta ji nasu.
Daga 'Yar Ƙasar Waje

AMSA: Gaskiya ta faɗa miki ƙanwata, amma akwai sharuɗɗa. A dokar ƙwadago ta Kalifoniya, sashe na 230.8, ma'aikacin da ke wajen da ke da ma'aikata 25 ko fiye a wuri ɗaya yana iya ɗaukar har awa 40 a shekara don shiga harkokin makarantar ɗansa, amma kar ya wuce awa 8 a wata ɗaya. Ta haɗa da yara tun daga ajin share fage har aji 12, da waɗanda ke wajen raino mai lasisi, kuma ba uwa da uba kaɗai ba, har kaka da mai riƙo sun shiga. Dole ki sanar da wuri, kuma kamfani na da damar cewa ki kawo shaida daga makaranta cewa kin je ranar kaza ƙarfe kaza, saboda haka kafin ki bar wajen ki sa malama ta rubuta miki 'yar takarda. In ke da maigidan wuri ɗaya kuke aiki, wanda ya riga sanarwa shi ke da haƙƙin, ɗayan sai in kamfani ya yarda.

Batun biya kuwa, a nan mutane ke shan mamaki. Dokar ba ta ce a ba ki ƙarin awoyi masu albashi ba. Daga hutunki da kika tara za a cire, ko ki ɗauka ba biya in tsarin wajen ya ba da dama. Abin da ta tsare miki shi ne kar a kore ki ko a rage miki matsayi don kin je.

Kar kuma ki ɗauka duk Amurka haka ne, abin jiha-jiha ne. Dokar tarayya ta hutun iyali, FMLA ta 1993, mai ba da sati 12 ba biya, ta haihuwa ce da ɗaukar riƙon yaro da ciwo mai tsanani, ba ruwanta da eskoshan. A Masachuset akwai dokar 1998 mai ba da awa 24 cikin wata 12, ita ma ba biya, ga waɗanda suka cika sharuɗɗan FMLA. Minesota awa 16. Ilinoi awa 8 a shekarar karatu, ita kuma ta ganawa da malamai ce kan karatu ko halin yaro. Jihohi da yawa ba su da komai, sai abin da kamfani ya ga dama.

Yayarki ta Ingila, babu wata doka ta musamman ta rakiyar eskoshan. Akwai hutun shekara na sati 5.6, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a sati, kuma ƙa'idar gama-gari ita ce a sanar da ninki biyu na tsawon hutun, sai in kwantiraginta ya faɗi wani abu daban. Akwai hutun iyaye marar albashi na sati 18 ga kowane yaro kafin ya cika 18, ba a wuce sati 4 a shekara, amma sati-sati ake ɗaukarsa ba kwana ɗaya ba sai in yaron na da naƙasa ko kamfani ya amince, kuma sai an ba da sanarwar kwana 21, kin ga bai dace da fitar yini ɗaya ba. Akwai kuma izinin gaggawa na iyali, wanda mutane ke son lanƙwasawa, amma shi na abin da ya faɗo ba shiri ne kamar yaro ya ji ciwo a makaranta ko mai raino ta ƙi zuwa, abin da aka san da ranarsa tun sati uku ba gaggawa ba ne.

Ko Japan da ta faɗaɗa hutun kula da yara a Afrilun 2025, kwana 5 a shekara ko 10 in yaran sun kai biyu, bikin shiga makaranta da na yaye 'yan nazare ta ƙara da ranakun da aka rufe aji saboda annoba, ba ta sa sauran fitattakin makaranta ba. Ni abin da na lura da shi a duk waɗannan dokoki, inda ma aka ba da lokacin, yawanci aljihun iyaye ne ke biya. Kafin ki dogara da abin da na faɗa ki buɗe littafin ma'aikata na wajenku ki tambayi ofishin kula da ma'aikata, don wasu kamfanonin nasu tsarin ya fi na doka sauƙi.

TAMBAYA: Anti ni kam ƙorafi ne da ni. Ba ni da yara, kuma a ofis ɗinmu duk wanda zai je harkar makarantar ɗansa ni ake jibga wa aikinsa, yau eskoshan gobe ranar wasanni jibi taron iyaye, ni kuma ranar da na ce zan kai mahaifiyata asibiti sai da aka yi ta min kallon banza. Wai rashin haihuwa laifi ne?
Daga Wadda Ta Gaji

AMSA: Ba laifi ba ne 'yar uwa, kuma kina da gaskiya. Iyaye ku ji da kyau, wanda ya riƙe muku aiki bashi ya ba ku, ku biya tun bai tambaya ba, ku ce wace rana kike so in riƙe miki. Ke kuma ki daina cewa "ba komai" in da komai. In an zo miki ki ce to na yarda, amma Juma'ar sama ke za ki tsaya min, a rubuta. In abin ya ƙi gyaruwa ki samu manaja ki ce a yi tsari ɗaya ga kowa, uzurin iyali uzurin iyali ne, ko na ɗa ko na uwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ba aikin ofis nake ba, a wani wajen ɗinki nake kuma iya abin da ka ɗinka iya abin da za a biya ka, ranar da ban je ba babu ko sisi, mijina ya rasu yara uku ni kaɗai. Babbar ce za su je wata gona da makaranta ta shirya, tana so in je. Na ce ko kakarta ta je a madadina? Ko kuwa abin kunya ne?
Daga Uwar Marayu

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan maigida ya raya miki su. Babu abin kunya ko ɗaya. Ke naki lissafin ya fi na kowa fitowa fili, mai albashi in ya ɗau hutu kuɗinsa na nan, ke kuwa yinin gaba ɗaya ne zai fita daga bakin yara uku, ga kuɗin eskoshan ɗin da kika riga kika biya. Duk wanda ya ce miki soyayyar uwa a kujerar bas ake auna ta, bai taɓa ciyar da gida shi kaɗai ba.

Kaka za ta iya zuwa in makaranta ta yarda, amma ki tambaye su tun yanzu, kar ta bayyana da safe kawai. Makarantu da yawa suna son sunan mai rakiya a rubuce, wasu ƙasashen ma sai an binciki mutum kafin a bar shi da yaran mutane, kamar Ingila da ke da binciken tarihin laifuka da ake kira DBS musamman in da kwana a tafiyar ko za a bar mutum da yara ba malami a kusa, a Amurka ma gundumomin makarantu da dama sai an cike fom ɗin 'yan sa-kai tukuna. Irin wannan ba ya gamuwa a kwana biyu.

Sai dai ki duba ƙarfin kakar. Rakiyar nan tafiyar ƙasa ce yini guda, a rana, da bin yaran da ba sa tsayawa wuri ɗaya, in tana da ciwon gwiwa ko hawan jini kar ki ɗora mata, a zo malamai suna kula da yara suna kula da ita. In akwai ƙanwarki ko kawunsu mai jini a jika, shi ya fi. In babu kowa, yarinya ta bi malamanta, ai aikinsu ne kuma sun saba. Ki samu lambar malamar da za ta riƙe rukuninsu, in yarinyar na da wani magani ko abin da jikinta ba ya so ki rubuta ki ba ta hannu da hannu.

Wani abu kuma, in wajen ɗinkin naku yana yarda mutum ya ƙara awoyi, kina iya rage aikin ranar tun farkon sati ki samu ki fito da wuri ki tarye ta a get lokacin da bas zai dawo. Awa ɗaya kenan maimakon yini, kuma a wajen yarinya sauka daga mota ta tarar da ke ba ƙaramin abu ba ne.

TAMBAYA: Anti ni malamar firamare ce, dan Allah ki ja kunnen iyaye. Wasu za su ce za su zo mu sa su a lissafi, da safe su turo saƙo wai an kira su mitin, mu rasa yadda za mu yi da rukunin yara shida. Wasu kuma su zo amma jikinsu ne kawai a wajen, waya a kunne tun daga get har mu dawo wai suna aiki daga nesa, wata har kwamfuta ta buɗe a cikin bas. Wasu ɗansu kaɗai suke gani, su saya masa kaya a gaban sauran yara. Gara ma kar su zo.
Daga Malama

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, saƙonki ya isa kuma na goyi bayanki. Iyaye, wanda ya ce zai raka yara aiki ya karɓa, za a ba shi takarda da sunayen yara biyar ko shida, 'ya'yan mutane, ya ƙirga su in za a hau mota, ya ƙirga in an sauka, ya ƙirga a ƙofar banɗaki, ya san wacce ce mai asma wanne ne mai son sulalewa. Mutumin da ke amsa imel ba zai iya wannan ba. Yaro ɗan shekara shida kafin ka gama karanta saƙo ɗaya ya bi wani rukunin ya sha kwana, sai ka ɗago ka ga biyar maimakon shida, a wajen da ke cike da mutane ko kusa da ruwa. Masu aiki daga gida ku ne kuka fi faɗawa wannan tarkon, kuna ganin ai ba sai na nemi hutu ba, zan haɗa biyun. Ba sa haɗuwa, aikin ba zai yi kyau ba, yaran ma ba a tsare su ba, kuma in kamfani ya gano kana gidan zoo a lokacin da ka ce kana kan teburi, matsalarka ɗaya da mai ƙaryar zazzaɓi. Ka nemi hutun sosai, ka sa saƙon ba na nan a imel, ka faɗa wa abokan aiki wa za su nema, wayar ta zauna a aljihu sai don kiran malama. In ka san akwai mitin ɗin da ba za ka iya kauce masa ba, kar ka ba da sunanka tun farko, a bai wa wani gurbin.

Masu janyewa da safe kuma, uzuri na faɗowa kowa, amma da ka ji alamar abin zai ƙi, ka faɗa tun jiya ko shekaranjiya, don akwai makarantun da in manya ba su kai adadin da tsarinsu ya ce ba dole a fasa tafiyar gaba ɗaya.

Amma Malama ku ma ga naku. Takardar da za ta iso gida ranar Litinin a ce fita Alhamis, ma'aikacin asibiti ko na masana'anta ko direba ya zai yi da ita? Wuraren aiki da yawa rostarsu ta wata guda ce. Ku fitar da ranakun tun farkon zango, ku rubuta ƙarfe nawa za a tashi ƙarfe nawa za a dawo don mai neman rabin yini ya san abin da zai rubuta a fom, ku faɗi mutum nawa kuke nema don sauran su daina jin kamar sun yi laifi, ku ajiye sunan mutum ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. In wajen a cikin gari yake kuma tsarinku ya yarda, ku bar iyaye biyu su raba yinin, ɗaya safe ɗaya rana. Sannan dan Allah a daina tambayar yara a gaban aji wa mamansa za ta zo ya ɗaga hannu, a tura wa iyayen saƙo kai tsaye su amsa a can.